Idon Ɗan Fari

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki ba wani babban abu ba ne. Yarinyar da ke haya a ɗakin da ke kallon nawa, nan unguwar Bekaji a Jimeta, ta yi haihuwar fari watannin baya. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa zani a bakin ƙofa, ta ɗora jaririn a cinya, ta zuba masa ido kamar za ta haɗiye shi, tana kiran sunansa gatsau, tana sumbatar goshinsa, tana ɗaukarsa hoto da waya ta tura wa uban a ofis. Ko uwar mijinta ta zo ba ta fasawa. Ranar farko da na gani sai da na ce a raina, tabɗi, wannan 'ya ko ɗigon kunya babu a idonta. Na ja tsaki na shige ɗaki. Amma da na zauna a bakin gado ni kaɗai, ba motsin kowa sai na fanka, sai na tarar ba haushinta nake ji ba. Ƙyashi nake yi mata, ni da furfurata.

Mu a bakin Njuwa muka tashi, tun tafkin yana tafki, ba wannan da ake nuna wa yara yanzu ana ce musu da can ruwa ne har gindin tudu ba. Kafin rana ta fito za ki ji masunta suna bubbuga gefen kwalekwale, shanu suna gangarowa suna kuka, can cikin gida kuma lugude ya kama, taɓarya biyu a turmi ɗaya. Aikina idan shinkafa ta fara nuna shi ne korar tsuntsaye. A ɗaura gwangwanaye a igiya daga wannan gefen gona zuwa wancan, a zuba musu tsakuwa, in hau rumfa ina ja ina ihu har muryata ta dishe. Da rani kuma ban ruwan alayyafo da yakuwa da ƙwarya, ƙafa cikin taɓo, matsattsaku suna maƙale mana a ƙwauri muna ɓamɓarewa muna dariya. Yanzu in asuba ta yi a nan, abin da zan ji ƙarar janareton maƙwabta ne da hon ɗin keke mai ƙafa uku. Ban ce da ta fi yanzu daɗi ba, mun sha wuya, ƙyanda kaɗai ta kwashe mana ƙanne biyu a damina ɗaya. Amma gida cike yake da mutane, kuma ban taɓa cin tuwo ni kaɗai ba sai da na tsufa.

A gidanmu abin da ake fara koya wa 'ya mace, tun kafin damun fura, shi ne inda za ta ajiye idonta. Ba kya kallon babba a fuska. In babanki yana magana, babban yatsan ƙafarki kike kallo. Kakata ta wajen uwa takan ce an tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe, saboda haka wanda kike girmamawa ki rage ganinsa. Semtende suke ce da wannan kunyar da Fillanci, kuma in aka ce ba ki da shi, gara a ce kin yi sata. Mace ɗaya ce na taɓa kallon ƙwayar idonta ina yarinya, ita ce kakar nan tawa, shi ma don lalura. Tana da amodari, ciwon nan da ke juya gashin ido ciki ya riƙa gogar ƙwayar kamar ƙaya. Hantsaki ne rataye a wuyanta tare da laya. Kwana uku-uku sai ta kira ni gindin tsamiya ta ɗora kanta a cinyata, in ɗage fatar in tsige gashin ɗaya bayan ɗaya, tana ce mini mai hannun biri, ina ce mata in ta ƙara zan bar mata guda ya kwana a ciki. Jika da kaka, ai ba kunya tsakani. Hannuna ba ya rawa, shi ya sa har tsofaffin maƙwabta suka riƙa zuwa. Duk da tsigar nan haka ta rasu ba ta gani, kuma babu wanda ya taɓa ce mana akwai abin da za a iya yi.

Da na yi aure na haifi ɗana na fari, namiji, ba sai an gaya mini abin da zan yi ba. Ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba kya faɗin sunansa, ba kya yi masa wasa, in ya yi kuka a gaban surukai ki yi kamar ɗan maƙwabta ne, sai wani ya ɗauko ya ɗora miki. Ko nono nake ba shi, kaina yana gefe. Ana yaye shi Goggo, uwar maigidana, ta ɗauke shi zuwa sashenta. Ita ya tashi yana kira Dada, wato uwa, ni kuwa Adda yake ce mini kamar wata yayarsa, har yau ɗin nan. Kada wani ya ɗauka ba na sonsa. Wallahi 'yan matan nan biyu da na haifa bayansa, in aka haɗa su ba su kai shi a zuciyata ba, Allah ya yafe mini. Na san tafiyarsa tun daga zaure, yana ɗan jan ƙafar hagu. Na san tarinsa. Na san tabon da lauje ya yi masa a dunduniya, da yadda ƙeyarsa ke naɗewa in ya sunkuya yana alwala, don ta baya nake satar kallonsa. In na dafa kifi, tsokar tsakiya nake ɓoyewa in aika masa in ce Goggo ce ta ce a ba shi. Amma da za a ce in faɗi yadda idonsa yake, manya ne ko ƙanana, da ban sani ba. Shi ma da ya girma ya ɗauki nasa rabon: in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa zai tsuguna, kansa a ƙasa, in amsa ina fuskantar bango. Kowa kuma yana yabonmu, ana cewa ga gidan da ya san mutunci.

Maigidana tela ne a Yola, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Ganinsa ya tafi ba ciwo, ba ja, ba ƙwantsa, ido fes kamar na kowa. Da farko ƙofa yake bugewa da kafaɗa, sai ya fara tuntuɓe da buta, amma tunda yana zura zare a allura sai muka ce gajiya ce. Kafin mu ankara sai da sanda. An sha rubutu, an yi tofi, an kawo wani tozali tun daga Garwa, babu. Muka ce abin da Allah ya rubuta ke nan. Bayan rasuwarsa aka raba gida. 'Yan matan suna ɗakunan mazajensu, ɗaya a Gombe ɗaya a Jalingo, ni kuwa na dawo Jimeta kusa da ɗan nawa, lokacin ya yi aure yana acaɓa. Kusa dai, amma ba gida ɗaya ba. Da aka hana mashin saboda tashin hankali, sai ya koma ɗaukar fasinja a keke mai ƙafa uku na wani Alhaji.

Shekarar da mutanen arewacin jiha suka kwararo mana gudun hijira, waɗanda suka gani ba sa son tunawa. Daga Mubi, daga Michika, daga Madagali, har daga Barno, wasu a ƙafa ta cikin duwatsu, ƙafafu a kumbure, uwa ba ta san inda ɗanta ya yi ba. Masallatai suka cika, majami'u suka cika, makarantu suka cika, kowane gida a Jimeta yana da baƙi. Ni ɗakina ɗaya, amma sai da muka kai mu tara a ciki. Cikinsu akwai wata tsohuwa 'yar Barno, ba ta jin Hausa sosai, kullum hannunta a ido tana hawaye. Ina ɗage fatar na ga abin kakata. Na nemo hantsaki a kasuwa, na zaunar da ita a harabar makarantar da ake rabon abinci, ina cikin tsiga sai na ji mutum tsaye a kaina. Wata ma'aikaciyar jinya ce, gajeriya, kakkaura, Kirista daga wajen Numan, kowa Sista yake ce mata. Na ɗauka faɗa za ta yi, har na shirya amsa, don ni ma bakina ba a ɗaure yake ba. Sai ta tsuguna ta kalli hannuna, ta tambaye ni inda na koya. Ta ce tsigar tana rage zafi amma gashin zai dawo, akwai ɗan aiki da ake yi a fatar a juyo ta waje, shi ke nan. Ta ce wata ƙungiyar agaji tana neman mata irina, waɗanda za su shiga gidaje da sansani su nemo masu ciwon ido kafin su makance. Na ce ni ko aji ɗaya ban yi ba a boko. Ta ce ba takarda suke nema ba, hannu da baki suke nema, kuma ta ga alama ina da duka biyun har da ƙari.

Mako biyu muna zuwa wani ɗaki a unguwar Karewa, Musulmi da Kirista, wasunmu ma 'yan gudun hijirar ne. Aka ba kowa jaka: tocila, doguwar igiya, da kati mai zane kamar cokali mai yatsu uku. Mutum zai riƙe bakin igiyar, ke ki ja har ƙarshe, ki ɗaga katin kina jujjuyawa, shi kuma yana nuna da hannu inda yatsun suka fuskanta. Aka koya mana gane yanar ido, farin nan da ke rufe tsakiya, wadda ake cirewa a asibiti mutum ya tashi yana gani. Duk wannan bai ba ni wuya ba. Sai ranar da Sista ta zo kan wanda ta kira ɓarawo, hawan jinin ido. Ta ce shi ba ya ciwo, tocila ba ta nuna shi, kuma mai shi zai iya cinye katin nan tas, domin ta gefe-gefe yake ci, tsakiya ce ƙarshe. Abin da ya ci ya ciwu, ba ya dawowa, amma in an kama shi da wuri ana tare shi da maganin ɗigawa. Tana magana ina ganin maigidana yana zura zare a allura, ga kumburin ƙofa a kafaɗarsa.

Gwajin ɓarawon nan a wajenmu ɗaya ne. Ki zauna da mutum gwiwa da gwiwa, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kafa ɗayan cikin naki, ke ma ki kafa naki a nasa don kada ya zame, sannan ki kawo yatsa daga gefe kina kaɗawa har ya ce ya gani. Da ni ta fara nunawa. Ina zama, idona ya sauka ƙasa da kansa. Ta ɗaga mini haɓa, da Hausarta ta Jimeta da ba ruwanta da mace ko namiji ta ce, “Mama, ba ƙasa ne yake ciwo ba. Idona za ka duba.” Ɗaki ya ɗauki dariya. Da aka tashi na ja ta gefe na ba ta labarin maigidana. Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce abin nan yana bin jini, in fara da gida, 'ya'yansa duka, in gwada su in kuma kai su asibiti a auna. Na ce to.

Na yi aiki, ba yabon kai ba. Babu lungun da ban shiga da jakar nan ba, daga sansani zuwa sansani, har ƙauyukan bayan Njuwa inda na tashi. Na zauna gwiwa da gwiwa da limamai, da fastoci, da tsofaffin sojoji, da Alhazan da a da ko inuwarsu ba zan taka ba, na ce su kalle ni, suka kalle ni. Ina wurin ranar da aka cire wa wani dattijo ɗan Michika bandeji bayan shekaru yana cikin duhu, ya dubi matarsa ya ce ashe haka ta tsufa, ta ce shi ma ya nemi madubi. Tsohuwar Barno an yi mata aikinta, ta koma tana tsince mana shinkafa. 'Yan matana da suka zo ganin gida na zaunar da su na gwada, na tura su asibiti aka auna, lafiya lau. Saura mutum ɗaya.

Sau nawa na ɗauki jaka na nufi gidan ɗan nawa, in na kai bakin layi sai in juyo. In ce masa me? Zo ka haɗa gwiwa da ni, ka kalli cikin idona? Abin da shekara talatin da wani abu ban taɓa yi ba. Sai dabara ta zo mini, irin wadda shaiɗan ke kawowa cikin rigar hankali. Na kira matarsa, yarinya mai ladabi, na koya mata igiya da kati, na ce ta je ta gwada maigidanta, ta kuma ce masa ya leƙa asibiti. Na gwiwar ban koya mata ba, don na san ita ma ba za ta iya kafa masa ido ba. Washegari ta dawo da murna ta ce ya cinye duka har ƙaramin zanen, yana dariya yana cewa idonsa ya fi na shaho, me zai sa ya bar aiki ya je bin layin asibiti. Na sani sarai katin ba ya kama ɓarawon nan, a kunnena aka faɗa. Amma na karɓi maganar na rungume, don ita nake son ji. Da Sista ta tambaye ni ko na duba gida, na ce na duba kowa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Baƙi wasu suka koma, wasu suka zama 'yan gari, ƙungiyar ta rage aiki, mu kuma muka ci gaba da abin da muka iya. Alamu kuwa babu wadda ba ta zo ba. Keken nasa in ya ajiye a ƙofar gidana, gefe da gefe duk ƙujewa ce, madubin hagu ɗaure da roba. Na aika wa matarsa ta gaya masa ya rage gudu, tuƙin ganganci ba halin gidanmu ba ne. Wata Sallah ya shigo gaisuwa ya yi fatali da kwanon miyar da na ajiye a gefen tabarma. Na ce cikin fushi, ina kallon bango, wasu mutane sun girma amma ba su bar rawar kai ba. Ya lalubo kwanon ya ajiye. Wanda ya fi ƙona ni yanzu shi ne na bakin kasuwa. Ina tsaye a gefen titi da kaya niƙi-niƙi, rana tana dukana, ga shi ya taho a hankali ba fasinja, ya wuce ta gabana har iskar keken ta kaɗa mini zani, ko waiwaye. Na koma gida na yi kuka, na ce ɗan da na haifa ya fara ƙin a gan shi da ni. Wata guda ina amsa gaisuwarsa da ƙyar. Ni fa, da nake bin gidajen mutane ina ce musu duk wanda ke buge-buge ta gefe a kawo shi. Da ɗan wani ne, da kallo ɗaya na gane.

Ranar da abin ya fashe, matarsa ce ta zo da hantsi, mayafi a karkace. Ta ce jiya da la'asar a wata mahaɗa a Karewa ya bugi wani mai tura baro da ya fito ta hagu. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma mutumin ya karye a hannu, Alhaji kuma ya karɓe kekensa. Ta ce abin da ya ɗaga mata hankali, yana ta rantsuwa bai ga mutumin ba sam, kuma ta daɗe tana lura in zai ɗauki abu sai ya juya kai gaba ɗaya. Ban san lokacin da na suri jaka ba. Na same shi a tsakar gida a kan benci, yana jin sallamata ya zame zai tsuguna. Na ce ya zauna. Na jawo kujera na ajiye a gabansa har gwiwata ta taɓa tasa, na ji ya ɗan zabura kamar wuta ta taɓa shi.

“Rufe na dama da hannunka,” na ce. “Ka kalle ni.”

“Adda...”

“Ka kalle ni, na ce. Cikin idona.”

Ya ɗago, ni ma na ɗago. Ashe idon ubansa ne da shi sak, manya, masu dogon gashi, ga furfura ta fara fito masa a gemu ban sani ba. Na kawo yatsa daga gefe ina kaɗawa. Shiru. Na matso da shi, na ƙara matsowa, har ya zo gaban hancina, shiru, idon hagun yana kallona amma ba kowa a ciki. Muka juya na dama. Yatsana ya taho daga gefe, daga sama, daga ƙasa, ba ya cewa ya gani sai ya kusa shiga tsakanin fuskata da tasa. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce ya daɗe yana jin kamar hanya tana tsukewa, ya so ya gaya mini tunda aikina ne, amma ya rasa ta inda zai fara.

A asibiti likita ya auna ya ce na hagu ya tafi, na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. Ya rubuta maganin ɗigawa safe da yamma har iyakar rai, ya ce za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage, amma an zo a makare, da shekarun baya ne da wata magana ake yi. Sista tana nan, lokacin ta kusa ritaya. Ta karanta takardar, ta dube shi, ta dube ni. Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, “Mama, ka ce ka duba kowa.” Na ce ƙarya na yi. Ta zauna kusa da ni a bencin har aka kira mu karɓar magani. Yanzu ta koma garinsu. Na ji an ce yaran da ta koyar sun bazu a asibitoci, har wata 'yar na'ura suke ɗauka zuwa ƙauye da ke auna ido ba sai an haɗa gwiwa ba. Allah ya saka mata da alheri. Jakar tawa tana nan ƙarƙashin gado, in maƙwabta suka kawo tsoho ina dubawa, kuma duk matar da ta zo sai na tambaye ta ɗanta na fari. In ta sunkuyar da kai, ranar ta sha masifa.

Shi kuwa ya bar tuƙi. Suna zaune a wani ɗan gida can bayan Yola, matar tana tuyar ƙosai, shi yana tufkar igiya yana ba masu shanu. Sun ce in dawo wurinsu, na ƙi. Ɗaki biyu ne ga yara, kuma ba na son in zama ƙarin kaya. Kowace Juma'a nake hawa keke in je. Zuwana na farko bayan asibiti na zauna kusa da shi a tabarma, kusa sosai, don na ce abin da na rasa shekara da shekaru yanzu zan rama. Ya daɗe yana kallona yana ɗan motsa kai, sannan ya ce in na zauna kusa haka ido ɗaya kawai yake gani, ko baki, ko hanci, ba ya iya haɗa fuskar. Ya ce, “Adda, ja baya kaɗan.” Na ja zuwa bakin tabarma. Ya ce yauwa, yanzu ya gan ni duka, ashe ina da wushirya. Muka yi dariya, na juya na share hawaye da bakin mayafi.

Tun daga nan haka muke gaisawa. In na shiga sai in tsaya inda fuskata za ta shiga ɗan abin da ya rage masa, ya dube ni son ransa, ni ma in dube shi, sannan in matso mu yi hira. Ba sai na ɗaga yatsa ba, tazarar ce ke gaya mini yadda ɓarawon yake ci duk da magani. Shekarar farko bakin tabarma ne. Daga baya sai wajen randa. Bara sai da na kai gindin gwanda. Tsakar gidan kuwa ba wani girma ne da ita ba.

Juma'ar da ta wuce na yi sallama, na wuce gwandar, na je na tsaya jikin katanga. Ya ɗago fuska yana nema, ya juya kai dama, ya juya hagu. Ya ce, “Adda, ja baya kaɗan.” Bayana yana manne da bulo. Na rasa abin yi, sai na ja takalmina a ƙasa, ya yi ƙara kamar na matsa.

“Yauwa,” ya ce, yana murmushi. “Yanzu na gan ki duka.”

Zanin matarsa da ke shanye a igiya, taku biyu daga inda nake, shi yake kallo. Na ce madalla, na tsaya a wurin ban motsa ba har ya sauke kai.